Yadda Ake Ɗinka Shimfiɗar Wasa Mai Komawa Jakar Kayan Wasan Yara

Abin da za mu ɗinka shimfiɗa ce zagayayya, mai ƙubaka a bakinta irin ta wando, da igiya a cikin ƙubakar. In an baje ta a ƙasa, yaro ya zauna a kai ya baza kayansa son ransa. In wasa ya ƙare sai a ja igiya, baki ya tsuke, kaya su gangara tsakiya, shimfiɗa ta koma jaka a rataye ta. Ba sai an duƙa ana tsintar ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba.

Ɗinkin ba shi da wuya. Duk wadda ta iya miƙa layi a keke za ta iya, ko da ba ta taɓa ɗinka riga ba. Sai dai na ɗinka irinta da yawa, na kuma ga na wasu, kuma kusan duk wadda ta ƙi aiki matsalarta a ƙubaka take. Ko ta yi kauri baki ya ƙi rufewa, ko ta yi ƙunci igiya ta ƙi tafiya, ko ta yage a wurin da ake ja. Don haka a can za mu fi daɗewa.

Kayan da za ki tanada

Awon da zan bayar na shimfiɗar da aka yanka a faɗin santimita 120 ne. Ta ishi yaro ɗaya da kayansa, ko ƙananan yara biyu.

- Yadin sama, wanda yaro zai zauna a kai: auduga mai laushi, tsawon mita 1.4, faɗin santimita 150.
- Yadin ƙasa, wanda zai riƙa gugar daɓe kuma ya zama bayan jaka: jins mara nauyi sosai, ko kanbas, ko yadin labule mai ƙwari. Awonsa daidai da na sama.
- Yadin ƙubaka: santimita 60 na yadi mara kauri mai matsattsiyar saƙa, irin wanda ake ɗinka riga da shi.
- Igiya zagayayya mai kaurin milimita 6 zuwa 8, tsawon mita 4.
- Abin sa wa a tsakiya don laushi, in kina so: tsohon bargo mara kauri ko shimfiɗaɗɗiyar audugar da ake sa wa cikin bargo.
- Zare mai ƙarfi, na foliyesta ya fi. Allurar keke lamba 14, ko lamba 16 in yadin ƙasan jins ne.
- Almakashi mai kaifi, tef na awo, alli, fil da yawa, babban fil mai kulle guda ɗaya, da dutsen guga.

Wajen zaɓen launi mutane sukan juya abin. Sukan sa yadi mai zane-zane masu kyau a sama saboda shi ido ke gani. Ki sa mai zanen a ƙasa, don shi zai fito waje idan ta zama jaka. Na sama ya zama mara zane, mai haske daidai gwargwado. Ƙananan abubuwa irin su Lego, wato ’yan tubalan roba da yara ke harhaɗawa, ɓacewa suke a cikin zane, yaro ya yi ta lalube, babba kuma ya taka. Fari ƙal bai dace ba, saboda datti. Toka-toka mai haske, ko shuɗi mai haske, ko ruwan ƙasa sun fi.

Ɗan lissafin da ba makawa

Rarar ɗinki, wato yadin da ake bari tsakanin baki da layin ɗinki, a ko'ina santimita 1.5 ce. Ke nan da'irar da aka yanka a 120 za ta koma 117 a layin ɗinki. Kewayen da'ira kuwa shi ne faɗinta sau 3.14, wato 117 sau 3.14, kusan santimita 367. Wannan lamba ita ke ba ki tsawon ƙubaka da na igiya.

Ƙubakar ba guda ɗaya za mu yi ba. Gida huɗu za mu raba ta, da ƙofa mai faɗin santimita 4 tsakanin kowane biyu, inda za a riƙa kama igiya. Ƙofa huɗu sun ci santimita 16. A cire daga 367, saura 351. A raba huɗu, kowane yanki ya tashi kusan 88. A ƙara 4 na kalmasa, ya zama 92.

In yadinki mai faɗin santimita 112 ne, ki yanka da'irar a 110, kowane yankin ƙubaka kuma a 84. Kowane girma kika zaɓa, hanyar ɗaya ce: cire 3 daga faɗi, ninka da 3.14, cire 16, raba huɗu, ƙara 4. Ban ba da shawarar wuce faɗin 140 ba. In ta cika girma yadin da zai tattaru a baki yakan yi yawa, kuma idan ta cika da kaya ɗaukarta sai babba.

Mataki na 1: Wanki da guga

Ki wanke yaduddukan duka kafin almakashi ya taɓa su, kowanne dabam, ki shanya, ki goge. Auduga tana shiga bayan wankin farko, kuma jins da yadin riga ba sa shiga daidai da juna. In kika haɗa su ba wanki, ranar da aka fara wanke shimfiɗar ɗaya zai ja ɗaya, ta ƙi kwanciya. A wankin nan ne kuma za ki gane yadin da ke zuba. Wanda ya ci gaba da rina ruwa bayan ɗauraya da yawa, ki ajiye shi don wani aikin, domin yara kan kai bakinsu ga duk abin da suka zauna a kai.

Mataki na 2: Yanka da'ira

Ki shimfiɗa yadin sama a ƙasa mai tsabta. Ki ninka shi biyu, ki sake ninkawa ta ɗaya ɓangaren, ya zama ninki huɗu. A cikin kusurwoyi huɗun akwai ɗaya da ba ta da buɗaɗɗen baki ko kaɗan, ninki ne ta kowane gefe. Ita ce tsakiyar yadin, daga ita za ki auna. Ki duba sau biyu kafin ki ci gaba, don wadda ta auna daga wata kusurwar za ta buɗe yadi ta tarar da rabin da'ira biyu ko gutsattsari huɗu.

Ki kafa fil a wurare da dama don kada ninkin ya zame. Ki ɗora kan tef a kusurwar, ki auna santimita 60, ki ɗiga alli. Ki ɗan juya tef ɗin, kansa na nan a kusurwa, ki sake ɗigawa. Haka za ki yi ta yi, tazarar yatsa uku tsakanin ɗigo da ɗigo, daga wannan ninki zuwa wancan. Sannan ki haɗa ɗigon da layi, ki yanka.

Wasu sukan ɗaura alli a zare su kewaya da shi. Yana da sauri, amma zare yana miƙewa, alli kuma yana karkacewa a hannu, sai da'irar ta fito da ƙwai-ƙwai. Tef ya fi tabbas.

Na ƙasa kuma ba sai kin sake awo ba. Ki ninka shi huɗu, ki ɗora na saman a kai yana ninke, kusurwa a kan kusurwa, ki bi bakinsa da alli. In jins ɗin ya yi wa almakashinki kauri a ninki huɗu, ki buɗe shi ya zama ninki biyu, ki zana rabin da'ira.

Kafin ki buɗe kowace da'ira, ki yi alama da alli a ƙarshen kowane ninki. Alamomi huɗu za su fito, sun raba kewayen gida huɗu daidai. Ki kuma ɗiga a tsakiya. Waɗannan alamomi za su yi miki aiki har ƙarshe.

Mataki na 3: Tsare baki

Ki bi bakin kowace da'ira da ɗinki ɗaya, santimita 1 daga gefe, ita kaɗai ba tare da haɗa ta da komai ba. Bakin da'ira yana bi ta wuraren da saƙar yadi take a karkace, kuma a nan yadi yake miƙewa da zarar an ja shi. Wannan ɗinki shi ke hana bakin yin tsawo kafin ki zo haɗawa. Kada ki ja yadin, ki bar keke ya ja da kansa, ke dai juya shi kawai.

Mataki na 4: Abin laushi, aljihu da hannu

Duk ukun nan ganin dama ne, amma in za a yi su yanzu ne lokacinsu, tun da'irorin suna rabe.

In za ki sa bargo a tsakiya, ki yanka shi ƙarami, santimita 54 daga tsakiya maimakon 60. Kada ya kai layin ɗinki. In ya kai, kauri ya taru a baki, jaka ta ƙi tsukewa. Ki ɗora shi a bayan yadin sama, tsakiya a kan tsakiya, ki kafa fil, ki ɗinka layi biyu masu gicciye daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ki kewaye bakinsa da ɗinki don kada ya nannaɗe a wanki. Soso irin na katifa bai dace ba ko siriri ne. Ba ya lanƙwasa yadda ake so, yana shan ruwa, yana daɗewa bai bushe ba.

Aljihu yana da amfani ga abubuwan da ke saurin ɓata. Ki yanka ƙyalle santimita 18 da 16, ki kalmashe bakinsa na sama, ki ninka sauran gefe ukun ciki, ki ɗinka shi a fuskar yadin sama kamar santimita 12 daga baki. Bakin aljihun ya kalli gefen shimfiɗa, ba tsakiya ba, domin idan an ja igiya gefen ne ke tashi sama. Ban da maɓalli, ban da duwatsun ado, ban da duk wani abu da yaro zai iya ɓanɓarewa.

Hannun rataya kuma a fuskar yadin ƙasa ake sa shi. Ki yanka jins santimita 30 da 10, ki ninka gefunansa biyu na tsawo su haɗu a tsakiya, ki sake ninkawa biyu, ki ɗinka. Ki kafa shi santimita 15 daga baki, ki ɗinke kowane kai da ɗinkin murabba'i da gicciye a cikinsa. In kika sa ɗan ƙyalle ta baya a daidai wurin, zai hana yadi yagewa.

Mataki na 5: Shirya ƙubaka

Ki yanka yanki huɗu, kowanne santimita 92 da 13. Ki yanka su a miƙe da saƙar yadi, ba a karkace ba.

Gajerun gefuna biyu na kowane yanki ki ninka santimita 1 zuwa baya, ki goge, ki sake ninka 1, ki goge, ki ɗinka. Ki maimaita ɗinkin sau biyu. Nan ne igiya za ta riƙa gogawa kullum, kuma nan ne ƙubaka ke fara mutuwa. Bayan haka ki ninka kowane yanki biyu a tsawonsa, fuska a waje, baya na kallon baya, ki goge ninkin ya kwanta. Yanzu faɗinsa 6.5 ne, in rarar ɗinki ta fita zai rage 5.

Santimita 5 ga igiyar da ba ta kai 1 ba zai yi miki kamar ɓarna. Ki bar shi haka. Yadi mai tsawon kusan mita huɗu ne zai tattaru a kan ɗan guntun igiya, yana buƙatar wurin da zai yamutse. In ƙubaka ta matse igiya, za ki ja ki ja ta cije a rabi. Saboda wannan dalili ne ma na ce yadinta ya zama mara kauri. Sau da yawa mai koyo takan ga ragowar jins ta ce ai ya fi ƙarfi, ta yi ƙubaka da shi. Ƙarfin yana nan, amma bakin jakar zai tsaya a buɗe kamar faɗin tafi biyu, ƙananan kaya su riƙa zubowa.

A dogon gefen da yake buɗe, ki ɗan tsattsaga da bakin almakashi duk bayan santimita 3 ko 4, zurfin kada ya kai santimita 1. Yanki miƙaƙƙe ne za ki kwantar a kan lanƙwasa, tsagar ce ke ba shi damar bin ta.

Mataki na 6: Kafa ƙubaka a da'irar sama

Ki shimfiɗa da'irar sama, fuskarta na kallonki. Ki ɗauki yanki ɗaya ki kwantar a kanta, buɗaɗɗen gefensa daidai da bakin da'ira, ninkinsa na kallon tsakiya. Zai yi kamar kin sa shi a juye. Daidai ne, idan an juya aikin zai fita waje.

Kowace alama daga cikin huɗun nan ita ce tsakiyar ƙofa. Ki fara yankin santimita 2 bayan alama, ki ƙare shi santimita 2 kafin ta gaba. Ki kafa fil a kai biyun tukuna, sannan a tsakiya, sannan tsakanin waɗannan, har ya zauna. Wadda ta fara daga kai ɗaya ta bi har ƙarshe takan tarar yankin ya gaza ko ya wuce, ƙofa ɗaya ta yi faɗi ɗaya ta toshe. Haka za ki yi wa sauran ukun.

Gefen ninki zai yi tuƙu-tuƙu ta ciki, ba zai kwanta sumul ba. Kada ya dame ki. Abin lura shi ne kada wani ninki ya shiga ƙarƙashin allura. Ki ɗinka santimita 1 daga baki, a hankali, kina tsayawa duk bayan tafi ɗaya, allura na cikin yadi, kina gyara abin da ke gaba. Idan kin kewayo ki cire fil ɗin duka, ki ƙirga su in za ki iya. Fil ɗin da ya maƙale tsakanin yadi biyu a abin da yaro zai zauna ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na 7: Haɗa sama da ƙasa

Ki ture ƙubakar ta kwanta zuwa tsakiya. Ki ɗora da'irar ƙasa a kai, fuska na kallon fuska, ƙubaka a tsakaninsu. Ki haɗa alama da alama, ki kafa fil a wuraren huɗu, sannan ki cike tsakani.

Ki ɗinka santimita 1.5 daga baki, tsawon ɗinki milimita 2.5 zuwa 3. Ki bar wuri kamar santimita 25 a buɗe don juyawa. Wannan buɗaɗɗen wuri ya kasance a tsakiyar wani yankin ƙubaka, nesa da ƙofofi, domin ƙofofin su ke ɗaukar nauyin ja, ba a son rauni a kusa da su. Duk inda kika zo kan kalmasar ƙubaka, ki koma baya ki sake bi sau biyu ko uku. Wuri takwas ne ke nan. In keke ya yi nauyi a kan kaurin, ki juya shi da hannu har ya wuce, kada ki tilasta masa allura ta karye.

Ya fi kyau yadin sama ya kasance a sama lokacin ɗinkin, don ki riƙa ganin layin da kika yi a mataki na 6 kina bi ta cikinsa kaɗan. Ki riƙa shafawa da yatsa kina jin ko ƙubaka ta naɗo zuwa hanyar allura.

Mataki na 8: Juyawa da ɗinkin sama

Kafin ki juya, ki cire ƙananan tsinin ƙyalle daga rarar ɗinki, duk bayan santimita 5, kina tsayawa nesa kaɗan da zare. Idan an juya da'ira rararta takan cunkushe a ciki, wannan ne ke rage cunkoson. Kada ki taɓa rarar wurin da kika bari a buɗe, da ta wajen ƙofofi.

Ki zura hannu ta buɗaɗɗen wurin, ki kamo can ɗaya gefen, ki jawo a hankali har duka ta fito. Ki ja ƙubaka waje ki goge bakin sosai. Za ki ga ƙubakar ba ta kwanta a ƙasa ba, ta ɗan miƙe tsaye kamar ƙaramar katanga. Haka ake so, ita ke tare abubuwa masu gangarawa kada su bar shimfiɗa.

A wurin da yake buɗe, ki ninka rarar yadin ƙasa ciki santimita 1.5, ki kafa fil ta rufe layin ɗinkin. Sai ki bi kewayen duka da ɗinki ta sama, rabin santimita daga inda ƙubaka ta haɗu da shimfiɗa, tsawon ɗinki milimita 3 zuwa 3.5. Wannan ɗinki ya rufe buɗaɗɗen wurin, ya kuma ƙara wa ƙubaka riƙo. Ki juya ki duba ta ƙasa ko ya kama ninkin ko'ina.

Saura haɗa yadi biyun a tsakiya don kada na sama ya riƙa tashi dabam. Ki ɗora faranti ko murfin bokiti a tsakiya, ki zana, ki kafa fil a kewaye bayan kin shafe yadin ya kwanta, ki ɗinka a kan zanen. Da'ira ɗaya ta isa, biyu sun fi.

Mataki na 9: Zura igiya

Ki fara gyara kawunan igiyar. In ta roba ce, ki ɗan nuna wa kowane kai wuta ya narke ya haɗe, ki bari ya huce kafin ki taɓa. In ta auduga ce, ki naɗe kan da zare tam. Ki soka babban fil mai kulle a kai ɗaya, ki ɗaure ɗaya kan a ƙafar kujera don kada ya bi ki ciki. Ki zura daga wata ƙofa, ki bi yanki huɗun a jere har ki dawo inda kika fara.

Yanzu ki baje shimfiɗar a ƙasa sosai, ki bi ƙubaka da hannu kina warware duk inda ta tattaru. Sai a nan za ki san ainihin tsawon da ake buƙata. Igiyar ta kwanta cikin ƙubaka ba ta ɗaga bakin shimfiɗa ba, ba ta kuma bar rara tana lilo a ƙofa ba. In ta gaza, shimfiɗa ba za ta kwanta ba, za ta zama kamar kwano. In ta yi yawa, ta bar zobe a waje wanda ƙafa ko wuyan yaro zai iya shiga. A daidai nan ki ƙulla kai biyun da ƙulli mai ƙarfi, ki yanke rarar ki bar santimita 3, ki soka allura da zare ta cikin ƙullin sau da yawa don kada ya kwance. Igiyar roba ta fi kwancewa, ita ce ta fi buƙatar wannan. Ki ja ƙullin ya shige tsakiyar wani yanki.

Mataki na 10: Gwaji

Ki zuba kayan wasa na gaske a kai. Ki kama igiya ta ƙofofi biyu masu kallon juna ki ɗaga, sannan ki kamo ta sauran biyun. Amfanin ƙofa huɗu ke nan: igiyar da za ta fito ta rabu gida huɗu, kowane zobe ya zama gajere, kuma kowane ja yanki kaɗan yake tattarawa. In ta cije, ki tura ƙubaka da hannu ɗaya kina ja da ɗayan. Sabon yadi yakan yi tauri, bayan wanki ɗaya ko biyu zai saki. In har bayan haka tana cijewa, ki gwada igiya mai santsi ko wadda ta fi siranta kafin ki yi tunanin farke ɗinki.

Maganar igiya da yara

Wannan ba abin wucewa da sauri ba ne. Idan shimfiɗa tana baje igiya na ɓoye, amma idan an tsuke ta fiye da mita uku na igiya ne a waje, kuma igiya mai zobe tana shaƙe yaro cikin ɗan lokaci ba tare da ya iya yin kuka ba. Da zarar kin tsuke jakar, ki naɗe zobban a wuyanta ki cusa ƙarshen, ki rataye ta inda hannun ƙaramin yaro ba ya kai. Kada a rataye ta a jikin gadon yaro ko kusa da shi. Yaron da bai kai shekara uku ba kada a bar shi da ita ba babba a wurin, jariri kuma kada a kwantar da shi barci a kanta. Ki gaya wa manyan yaran tun ranar farko cewa ba a shiga ciki a ja igiya, domin wannan wasan shi ne farkon abin da zai zo musu a rai.

In akwai mai rarrafe a gidan, ki lura da abin da ake zubawa a ciki. A Amurka da Turai ana gwada kayan wasa da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ba a yarda a ba yaron da bai kai shekara uku ba, don yana iya maƙale masa a maƙogwaro. Irin waɗannan ƙananan kayan su zauna a jakar babban yaro, ta ƙaramin dabam.

In don jariri kaɗai kike ɗinkawa, ki ɗinka ƙubakar amma kada ki zura igiya tukuna. Ta yi aikin shimfiɗa har ya girma.

In wani abu ya gaza

In babu yadi mai faɗi, tsohon zanen gado ya isa na sama, tsohon labule ya isa na ƙasa. Ana kuma iya farke tsofaffin wandunan jins a haɗa su falle-falle har su kai faɗin da ake so, a buɗe rarar kowane haɗi a goge, sannan a yanka da'ira. Ki guji wuraren aljihu da ƙusoshin ƙarfe.

In babu igiya, ki yanka yadi mai ƙarfi a faɗin santimita 4, ki haɗa guntaye har mita 4, ki ninka gefuna su haɗu a tsakiya, ki sake ninkawa, ki ɗinka. Ba ta kai zagayayya santsi ba, amma tana aiki. Roba mai miƙewa ba ta yi, ba za ta bar shimfiɗa ta kwanta ba. In babu alli, guntun busasshen sabulu yana zane a yadi mai duhu, fensir kuma a bayan mai haske. In babu babban fil, ki lanƙwasa kan waya mai ƙwari ki ɗaura igiyar.

In babu keke, ana ɗinkawa da hannu. Ki ruɓanya zare, ki yi ɗinkin koma-baya ƙanana, musamman a mataki na 7 da na 8. Zai ɗauki kwanaki, amma ƙarfinsa ba ya kasa na keke.

Akwai gajeriyar hanya da wasu ke bi: a haɗa da'ira biyu ba tare da ƙubaka dabam ba, a buɗe ramuka irin na maɓalli a yadin ƙasa, a yi layi biyu na ɗinki a kewaye, igiya ta bi tsakaninsu. Tana da sauri. Ni dai ba na bin ta sai in yadi biyun duka marasa kauri ne, don jins ɗin ƙasa ya shiga cikin abin da zai tattaru, baki ya ƙi rufewa, ramukan kuma suna saurin yagewa.

In kina son ƙasan da ruwa ba ya ratsawa, ki nemi yadi irin na rigar ruwa. Fil yana bar masa huda, don haka ki riƙe shi da maƙalan shanya, kuma kada dutsen guga mai zafi ya taɓa shi. Leda kuwa kada ta shiga wannan aiki ko kaɗan, tana toshe numfashi in ta fito.

Wanki da kula

Ki zazzage ta, ki buɗe ta gaba ɗaya kafin wanki, igiya na cikin ƙubaka. In injin wanki ne, ki sa ta cikin rigar matashin kai babba don kada igiyar ta fito ta sarƙe. Ki shanya ta a buɗe har cikin ya bushe sarai, musamman in akwai bargo a tsakiya, domin damshi yana kawo wari da fumfuna. Duk wanki ki duba bakin ƙofofi huɗun, wato wuri takwas ɗin nan, da ƙullin igiya. Inda zare ya fara saki ki maimaita ɗinkin nan take, igiyar da ta fara tsinkewa kuma ki ɗaura sabuwa a kanta, ki ja tsohuwar ta shigo da sabuwar.